Ƙas ɗin da Muka Kwana Huɗu Muna Nema a Nukkai

Ya tashi! Wallahi ya tashi, da idona na gani, da kunnena na ji. Har yanzu yatsuna warin kananzir suke yi, ban runtsa ba tun jiya, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce ba. Injin silimar Kawu, wanda kowa a gidanmu ya haƙiƙance ya ƙone tun ina firamare, a daren jiya Juma'a ya watsa hoto a bangon tsakar gida, nan Nukkai ta Jalingo, yara suna ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Abin da ya kwantar da shi duk shekarun nan kuwa, in na ɗora maka a tafin hannu, bai fi ƙwayar wake biyu ba.

Ranar Talata abin ya faro. Ruwan Agusta ya sami kafa a rufin ɗakin ajiya, ya jiƙa mana buhun masara biyu. Mu mutanen Nukkai ba ma wasa da ruwan wannan wata. Duk wanda ya san yadda ambaliya ta karya gadarmu da mutane a kanta a Agustan 2005, gabansa faɗuwa yake in hadari ya haɗo. Muka duƙufa fitar da kaya. Can ƙurya, ƙarƙashin wata tsohuwar tamfol da nake gani tun ina yaro ban taɓa ɗagawa ba, sai ga shi a tsaye, baƙi ƙirin, ya fi ni tsawo, da gangunan fim biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kawu ya dube shi ya kau da kai. Ya ce ya riga ya yi magana da mai gwangwan, ranar Asabar zai zo da sikeli, kilo-kilo za a saye shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A zamanin Gongola, kafin a yanke mana Jihar Taraba a 1991, shi ne mai haska fim a wani gidan silima marar rufi, inda fina-finan Indiya suke cika benci har a zauna ƙasa. In ka ce masa "majigi" sai ya gyara maka. A wurinsa majigi shi ne na gwamnati, na kyauta, motar nan da ke shiga gari da yamma a kafa farin ƙyalle a fili a nuna wa jama'a tsafta da noma, irin su Baban Larai. Tasa kuwa silima ce, ta tikiti, ta fim mai faɗin milimita 35, irin wadda ta fara kafuwa a Kano da gidan Rex a 1937, wadda mutanen wancan zamani suka riƙa kira dodon bango. Bidiyo ne ya ci kasuwarsu. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa 'yan shekaru, kowa ya koma kallo a ɗakinsa. Da gidan ya rufe, aka biya shi sauran haƙƙinsa da ɗaya daga cikin injinan biyu, wanda ya lalace ɗin.

Na ce, "Kawu, wai yaya aka yi ya mutu?"

Ya ce, "Ba rana ɗaya ya mutu ba, ɗana. Da farko in na kunna sai ya yi jinkiri kaɗan kafin ya ɗauka. Daga baya sai ya tsaya yana gurnani, sai na kama ƙafar nan na tura shi da hannu, ya kama gudu kamar ba abin da ya same shi. Wata uku ina tura shi kullum dare. Ran nan na tura, na tura, ya ƙi. Ya yi zafi, fis ya tsinke. Maigida ya ce mota ta ƙone."

Mota a nan injin lantarkin da ke juya komai yake nufi, wani dunƙulen ƙarfe kamar tukunyar miya a gindin na'urar. Ni kuwa kalma ɗaya ce ta maƙale mini: na tura shi da hannu. Wane ne bai taɓa ganin fankar sama tana gurnani an ɗauko sanda an tura mata fiffike ta kama juyawa ba? Wannan fanka ai ba ƙonewa ta yi ba, kafasita ake canza mata, shi ke nan. Na zagaya motar nan sau uku ina neman kafasita, babu. Amma zuciyata ta riga ta ƙi yarda. Da dare na kwance ta da sifana, kusoshi huɗu da bel ɗaya, da safe na rungume ta cikin buhu na tari keke napep.

Akwai wani mai naɗin koyil a bakin titin Wukari, ba nisa da mu, rumfar kwano ce kawai cike da gawarwakin famfunan ruwa da injinan markaɗe. Na ajiye masa na ce, "Oga, an ce ta ƙone." Bai ce mini komai ba. Ya goge allon jikinta da yawu da babban yatsa ya karanta: juyi 1425 a minti, wuta mai kai-komo 50, ƙarfin rubu'in doki. Sannan ya kai hancinsa bakin ramukan iska ya shaƙa, ya sake shaƙa.

Ya ce, "Wa ya ce maka ta ƙone? Koyil in ya ƙone, ko bayan shekara 30 hanci zai gaya maka. Wannan warin ƙura ne."

Ya ɗauko mita ya ɗora a wayoyi biyu. Ta yi kuka, tiiit. Babban koyil lafiya lau. Ya matsa kan wasu biyun. Tsit. Gabana ya faɗi. Ya ɗaga mini hannu alamar in dakata, ya yi wa murfin baya alama da ƙusa don ya san yadda zai mayar, ya kwance dogayen kusoshi, ya bubbuga da guntun katako, murfin ya fito. Wani tsohon gidan zanzaro ya faɗo ya farfashe a ƙasa. Ya zura bakin mita can ciki, bayan wani ɗan faranti, ya taɓa wayar kai tsaye.

Tiiit!

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Oga ya ce, "Ka ji ko? Koyil biyu ne da ita, duka biyun da ransu. Ƙofar da ke tsakani ce ta ƙi rufuwa."

A nan ne ya buɗe mini abin da ban taɓa sani ba duk da na girma cikin ƙarar injina. Wutar gida mai layi ɗaya ba ta iya tayar da irin wannan mota daga tsaye. Tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, tana ja tana saki, amma ba ta nuna wa sandar tsakiya ta ina za ta bi. Oga ya nuna mini telan da ke rumfar kusa. Ya ce in lura da keken ɗinkinsa: in matakin ƙafa ya tsaya daidai tsakiya, ko ya taka da duk ƙarfinsa keken ba ya motsi, sai ya sa tafin hannu ya ɗan murza ƙafar sama, daga nan ƙafa ta karɓa. In ya murza baya, baya keken zai yi. To haka motar take. Shi ya sa masu ƙera ta suka ƙara mata koyil na biyu, na siririyar waya, suka ajiye shi a karkace da babban, aikinsa kawai ya zama tafin hannun telan nan. Wata uku da Kawu ya yi yana tura ƙafar injin, aikin wannan koyil yake yi ba tare da ya sani ba.

Sai dai siririn koyil ba ya jure wuta. Daƙiƙa kaɗan ne iyakarsa, in ya wuce haka ya toye. Fanka ta tsira daga wannan matsala domin nata koyil na biyu an yi shi ya zauna kan wuta ta hanyar kafasita har a kashe ta. Wannan kuwa dole a sami wanda zai sa shi aiki a farko, ya kuma cire shi da zarar gudu ya kama. Wa zai tsaya yana yin wannan a cikin tukunyar ƙarfe a rufe? Shi ne makunnin tayarwa, kuma da na gan shi sai da tsigar jikina ta tashi don sauƙin dabarar. Ƙarafa biyu ne masu ɗan nauyi a jikin sandar, a kan maƙalai, sifirin biyu suna riƙe da su a tsuke. A tsuken nan suna tura wani zobe, zoben yana danne ɗigo biyu na ƙarfe su haɗu, su ne masu gyara ke kira kwantak. Haɗuwarsu ita ce hanyar wuta zuwa siririn koyil. Da sandar ta ɗauki gudu, ƙarafan sai su nemi tashi waje, kamar dutse a majajjawa. In gudu ya kai kusan kashi 75 cikin 100, wato wajen juyi 1100 a irin tamu, sai su rinjayi sifirin su buɗe, su janye zoben, kwantak su rabu. Ƙas! In an kashe wuta gudu ya ragu, sifirin su dawo da su, ƙas, su koma jiran gobe. Na sha jin wannan ƙas ɗin a wurin masu markaɗe idan injin lantarki zai tsaya, ban taɓa tambayar kaina mene ne ba. Tun 1888 Nikola Tesla ya yi rajistar irin wannan mota a Amurka, ga jikokinta a kowace rumfa daga Nukkai zuwa Mayo Gwoi, muna wuce su kullum.

Tamu kuwa ga abin da ya same ta, a rubuce kamar a allo. Sifirin ɗaya ya yi tsatsa ya karye. Ɗayan shi kaɗai ba ya iya mayar da zoben har ƙarshe, ga tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare a sandar kamar ƙaro. Saboda haka kwantak ba sa matsuwa sosai, sai dai su ɗan shafi juna. Duk kunnawa sai tartsatsi, duk tartsatsi sai ya ci fuskarsu, har suka yi baƙi suka rarake, wuta ta daina wucewa. Jinkirin da Kawu ya fara gani ke nan, sannan gurnanin. Daren ƙarshe kuwa man na'urar ne ya yi kauri har hannu ya kasa ba ta gudun da za ta karɓa, babban koyil ya yi ta shan wuta a tsaye, fis ya tsinke. Fis ɗin nan da aka ɗauka shaidar mutuwa, ashe shi ya ceci ranta.

Sauran ranar Laraba a wanki ta tafi. Kananzir da tsohon buroshin haƙori, har zoben ya riƙa zamewa da ɗan yatsa. Ɗigon man keken ɗinki a sandar, ɗigo ɗaya tak. Kwantak kuma Oga bai bar ni na taɓa su ba. Ya naɗe siririyar samfefa ya riƙa ja a tsakaninsu a hankali, yana hurawa, yana dubawa. Ya ce azurfa ce a fuskarsu, kuma ba ta da kauri, in ka cika gogewa ka cinye ta ka bar ƙarfe tsirara, wata ɗaya ya sake ƙonewa.

Saura sifirin. Ranar Alhamis gab da magariba ya ciro biyu daga wani mataccen famfon ruwa, tsawonsu ɗaya da namu kamar an auna. Ya ɗaura, ya rufe, ya danne motar da ƙafa, ya soka waya. Fir! Ta ɗauka nan take, ba turi ba gurnani, bayan shekara ashirin da 'yan kai. Na daka tsalle ina salati. Amma fuskar Oga ba ta saki ba. Ya karkata kunne, leɓensa na ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sai ya fizge wayar da ƙarfi.

"Ba ta saki ba."

Ya sa yatsata a bakin ramin iska. Ɗumi har ya fara fitowa. Da mun tsaya murna na rabin minti, da mun ƙone da hannunmu koyil ɗin da ya tsira shekaru masu yawa. Ya jawo gawar famfon ya haska allonta da tocilan: juyi 2850. Ya girgiza kai. Famfon ninkin tamu yake gudu, ƙarfin da ke wurga ƙarafan waje kuwa in gudu ya ninka biyu shi huɗu yake ninkawa. An yi sifirin ɗinsa da tauri don kada su saki sai an haura juyi 2000. Tamu ko ta mutu ba za ta kai can ba. A ido tagwaye ne, a aiki ko kusa. Wannan shi ne darasin da ya fi shiga jikina cikin kwanakin nan, kuma shi ya hana ni barci daren Alhamis, ga Asabar tana matsowa.

Na tambaye shi ko ba za a sa irin ɗan makunnin bayan firij ba, tunda shi ma aikinsa ke nan. Ya ce akwai masu yi, har akwai na zamani da ba ƙarfe mai motsi a cikinsu, amma kowanne da nauyin wutar da aka yi shi dominsa, shi kuma ba zai yi caca da motar da ba ta da ta biyu a Jalingo ba. Gara a nemo ɗan'uwanta.

Da sassafe ranar Juma'a muka faɗa wurin 'yan gwangwan. Muna ɗaga ƙarfe muna goge allo, 2850, 2850, 2800, wani ba allon ma. Rana ta fara zafi, hannuna ya yanke a gefen kwano ban ji ba. Can ƙarƙashin wata ƙofar mota sai ga wata tsohuwa, allonta ya lanƙwashe, na goge da bakin riga: 1425. Na kwala wa Oga kira har masu wurin suka juyo. Da muka buɗe ta, warin da ya ce hanci ba ya mantawa ya bugo mu. Siririn koyil ɗinta ya zama gawayi, kwantak ɗinta sun narke sun manne da juna. Ita ƙin saki ne ya kashe ta, abin da ya kusa samun tamu daren Alhamis. Amma sifirin ɗinta biyu suna nan garau.

Bayan an sauko daga masallaci muka gwada. Kawu da kansa ya biyo ni, ya zauna kan benci da carbinsa. Oga ya soka waya. Fir, sannan kafin ka ƙifta ido sau biyu, ƙas! Sautin ya canza, ya kwanta, ya zama wani siririn zuuu mai daɗi. Oga ya zare waya, muka yi tsit muna jira, gudu na raguwa, na raguwa, ƙas. Sau goma ya kunna ya kashe. Sau goma ta amsa. Kawu bai ce uffan ba, amma carbin ya tsaya a hannunsa.

Daga la'asar zuwa isha ban san yadda lokaci ya wuce ba. Mu shida muka turo injin tsakar gida. Kawu ya zubar da tsohon man da ke cikin akwatin giya ya zuba sabo, ya riƙa juya ƙafar da hannu har ta saki jiki. Muka aro babban janareta a wurin mai walda, domin a daƙiƙar tayarwa irin wannan mota tana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da take ci a guje, ƙaramin janareta durƙushewa zai yi. Fitilar asali ta sandunan gawayi ce, kayan wutarta sun daɗe da ɓacewa, sai muka kafa fitilar tsaro ta ƙofar gida a bayan tagar fim. Na'urar sauti ma babu. Ko a jikinmu.

Faifan fim ɗaya ya rage masa, a cikin gwangwani mai tsatsa. Da ya buɗe, wani warin tsami ya hau mana kai, alamar fim ɗin ya fara ruɓewa. Kafin ya bari kowa ya matso sai da ya warware ɗan tsawo ya ɗaga a fitila yana bin gefen da ido, har ya ga rubutun kamfani da ke nuna irin wanda ba ya kamawa da wuta ne. Ya ce wanda ya koya masa aiki da wannan ya fara, domin fim na zamanin da kamar fetur yake, kuma ba mai haska fim a Arewa da bai ji labarin gobarar silimar El-Duniya ta Kano a 1951 ba, inda mutum sama da 300 suka rasu.

Sannan ya fara zura fim. Mutumin da yanzu sai jika ya sa masa zare a allura, yatsunsa suka riƙa tafiya su kaɗai a cikin duhu: daga gangar sama, kan haƙora, ya bar ɗan lanƙwasa, ya buɗe taga ya kwantar, ya rufe, ya sake barin lanƙwasa, ya zagaya ƙasa. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai bita. Hoto 24 a daƙiƙa. Ƙafa 90 a minti. Rami huɗu kowane hoto. Cikakken faifai ƙafa 2000, minti 22, shi ya sa injin biyu ake ajiyewa, in ka ga ɗigo a kusurwar dama ta sama ka tayar da na biyun. Ya ce a wannan ɗigon ne makunnin tayarwa yake nuna darajarsa, domin daƙiƙa kaɗan ne tsakaninka da ihun 'yan kallo, ba lokacin lallashin mota. Ya ce injin Amurka da aka yi wa wuta mai kai-komo 60, in ba a canza masa fuli ba, a nan hoto 20 zai riƙa ja maimakon 24, muryar mace ta koma ta namiji.

Ya ce, "Kashe fitilar tsakar gida." Aka kashe. Ya ɗora yatsa a makunni, ya yi bisimilla.

Fir. Ƙas. Sai wata ƙara da ban taɓa ji ba a rayuwata, tar-tar-tar-tar, kamar ruwan sama a kan kwano, ita ce giyar da ke fizgo hoto ta tsayar, ta fizgo ta tsayar. Ya buɗe marufin haske. Bango ya yi fari, ya yi rawa, lambobi suka wuce a juye, ya murza gilashi, sai ga mace! Mace 'yar Indiya tana gudu a kan tudu, mayafinta na tashi, girmanta ya kai rabin bangon. Launin duk ya koɗe ya koma ja-ja, kore da shuɗi sun tafi, hasken kuma dishi-dishi, ga zane-zanen tsufa na sauka kamar yayyafi. Amma tana motsi. Yaran da suka tashi da waya a hannu suka ruga suna taɓa bangon, inuwarsu na faɗawa cikin hoton. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya cak. Ba sauti, sai Kawu ya shiga faɗa mana abin da ake cewa, wannan ƙanen sarki ne, wancan mugun ne, yanzu doki zai shigo ta hagu. Doki ya shigo ta hagu.

Sau biyu fim ɗin ya tsinke, sau biyu ya haɗa da salatif ya sake tayarwa, kowane karo fir, ƙas, ba gardama. A na uku ya ce ya isa, kada mu ƙarasa shi. Ya rufe haske, ya kashe makunni, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Tsakar gida ta yi tsit, har yaran. Gudu na sauka, na sauka. Ƙas. Sai a lokacin ya sauke hannunsa ya share fuska da hular.

Yanzu an idar da sallar asuba, injin yana nan a zaure mun rufe shi da sabon zane. Mai gwangwan zai zo da hantsi. Kawu ya ware masa ruɓaɓɓen kwanon da muka sauke daga rufin ɗakin ajiya, ya kuma ba ni saƙo in tambaye shi ko a tarin kayansa akwai tsohuwar amfilifaya, da ɗan ƙaramin ƙwan da ke haska layin sauti a gefen fim.